Aikin Ɗaya Ne, Albashin Ne Ya Bambanta

Jirgin ƙarƙashin ƙasa da na shiga a babbar tashar Nuremberg ba shi da direba. Inda ya kamata a ga mutum zaune yana tuƙi, gilashi ne kawai, sai wasu yara biyu da suka manna goshi a jikinsa suna kallon ramin yana tahowa. Tun 2008 birnin ya fara wannan tsari a layin U3, daga baya aka haɗa da U2, kuma shi ne na farko a duk Jamus. Abin da yake tayar da jirgin, ya tsayar da shi daidai bakin tasha, ya buɗe ƙofa ya rufe, manhaja ce da waɗansu mutane suka zauna suka rubuta layi-layi. Mutanen nan na biyo. Tambayar da na taho da ita daga Kano kuwa ta ɗan kasuwa ce: nawa ake biyan su, kuma me ya sa?

Manhajar da kowa ya sani ita ce wadda ake latsawa a fuskar waya. Akwai wata da ba a ganinta. Ana dasa ta a cikin 'yar ƙwayar kwamfuta da ba ta kai farce ba, a rufe a cikin birkin mota ko injin wanki ko na'urar POS ko abin auna sukarin jini, ta yi shekara goma sha biyar tana aiki ba wanda ya tuna da ita. Duk mai mitar kati a Kano ko Kaduna ya taɓa cin karo da masu wannan sana'a. A 2024 kamfanonin raba wuta sun yi ta shela cewa kowa ya shigar da wasu lambobi na musamman a mitarsa kafin 24 ga Nuwamba, in ba haka ba ta daina karɓar kati. Da yawa sun ɗauka wata sabuwar hanyar tatsar kuɗi ce. Ainihin maganar ita ce kowane kati mai lamba 20 yana ɗauke da shaidar lokacin da aka sayar da shi, don kada a loda shi sau biyu. Da minti ake ƙirga lokacin, tun daga 1 ga Janairun 1993, kuma gurbin da aka ware wa ƙirgar ba ya cin fiye da minti 16,777,216. A wannan ranar ya cika. Shawarar da wasu injiniyoyi suka yanke shekara talatin baya, don komai ya shiga cikin lamba 20, ita ta sa magidanta tsayuwa gaban mita da tocilan.

Tun 2003 masu wannan sana'a suke haɗuwa duk shekara a Nuremberg, a baje kolin da ake kira embedded world. Na 2025 ya faɗo daga 11 zuwa 13 ga Maris, tsakiyar azumi. Kamfanoni sun haura 1,000, baƙi sun haura 30,000, kuma kusan kowace rumfa da injin kofinta da kwandon burodin nan nasu mai barbaɗin gishiri. Na yini ina cewa na gode. Layin da ya fi kowane tsawo dai ba na kofi ba ne, na wurin da ake raba ƙananan fanel kyauta ne, inda za ka ga manya masu furfura sun bi sahun ɗalibai ba ko kunya.

A wata 'yar rumfa can ƙarshen zaure na tarar da wani dattijo, tabarau rataye a wuya, kamfaninsu yana sayar da kayan farautar matsala a cikin na'ura. Gabansa wani ƙaramin injin lantarki ne yake juyawa. Ya maƙala wa fanel ɗin siraran wayoyi biyu da suka shiga cikin na'urar da take zana motsin lantarki a allo. Layi kore yana hawa yana sauka, daidai wa daida. Sai ya ɗauko gwangwanin feshin sanyi ya fesa wa kusurwar fanel ɗin. Layin ya yi tsalle, injin ya yi ɗan tari, sannan ya ci gaba kamar ba a yi ba. Ya gaya mana irin wannan tarin ya taɓa cinye masa makonni lokacin yana matashi. Na'urar tana lafiya lau a ofis, amma da an fita da ita cikin hunturu sai ta riƙa ɗaukewa. Masu haɗa fanel suna nuna masu manhaja da yatsa, masu manhaja suna mayar musu. Wanda ya iya karanta ɓangarorin biyu ne ya gano inda gizo yake saƙa.

Sana'ar ke nan. Mai rubuta manhajar shafin intanet in ya yi kuskure da safe yana iya gyarawa kafin azahar, kowa ya samu gyaran a take. Wannan kuwa in kuskurensa ya shiga motoci dubu ɗari, sau da yawa sai an kira su gareji ɗaya bayan ɗaya. Ga ƙuncin wuri. Fanel ɗin Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 a kan dala 4 yana da ƙwaƙwalwar aiki ta kilobait 264 ne kacal, hoto ɗaya da kyamarar wayarka ta ɗauka ya ninka wannan sau da yawa, kuma akwai ƙwayoyin da ba su da ko kashi ɗaya cikin goma na hakan. Yawancin aikin har yau da yaren C ake yin sa, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, yaren da ba ya riƙe hannun kowa in zai faɗa rami. Shi ya sa masana'antar mota ta kafa masa shinge: ƙa'idojin MISRA tun 1998, sai ISO 26262 a 2011 a kan duk abin da ya shafi ran fasinja. Ga kuma alhaki. Da asirin Volkswagen ya tonu a Satumban 2015, cewa manhajar motocinsa na dizil kusan miliyan 11 tana gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, cikin waɗanda aka fara ɗaurewa a Amurka har da James Liang, wata 40 a 2017. Injiniya ne, ba shugaban kamfani ba.

Da wannan lissafin mutum zai zaci su ne a kan gaba wajen albashi. Duk wanda na taɓo wa zancen a zauren sai ya yi irin murmushin wanda aka sha fama masa ciwo.

Bajamushe zai fi saurin gaya maka cutar da take damunsa a kan ya gaya maka albashinsa. Sai dai a manyan masana'antun ƙarfe da lantarki ba sai ka tambaye shi ba, domin jadawalin a buɗe yake. Ƙungiyar ƙwadago ta IG Metall, mai mambobi fiye da miliyan 2, ita take zama da masu kamfanoni a tsara matakan albashi: mataki 17 a jihar Baden-Württemberg inda Stuttgart take, 12 a Bavaria. Ba mutum ake aunawa ba, kujerar da yake kai ake aunawa. Da jadawalin ake samun aikin awa 35 a mako, wanda ya samo asali daga yajin aikin kusan mako bakwai a 1984 kuma ya tabbata a yammacin ƙasar a 1995, da hutun kwana 30 a shekara, da ƙarin kuɗin hutu da na Kirsimeti. Yarjejeniyar Nuwamban 2024 ta kawo ƙarin kashi 2 cikin 100 daga Afrilun 2025, da kashi 3.1 daga Afrilun 2026, da Yuro 600 a dunƙule. Ba abin rainawa ba ne. Amma gwanin da ya kai matakin ƙarshe ya gama hawa, ko da kuwa shi kaɗai ya san sirrin na'urar da take ciyar da sashen. In yana son fiye da haka sai ya fita daga jadawalin ya karɓi kwantiragi na musamman, kuma hanyar da ta fi kai mutum can ita ce ya zama shugaban wasu. Wato ladan iya aikin shi ne a raba ka da aikin, a ba ka taro daga safe zuwa yamma. Na haɗu da waɗanda suka ƙi wannan tayin da gangan, ban kuma ga alamar nadama a fuskarsu ba.

Daga Nuremberg na kama jirgin ƙasa zuwa Stuttgart, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci. Garin a cikin kwari yake, gonakin inabi sun hau tuddan da suka kewaye shi, babbar tasharsa kuwa tun 2010 ake haƙa ana gini ba a gama ba, abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya game da wasu ayyukanmu na gida. A nan Robert Bosch ya buɗe ɗan shagonsa a 1886, kuma kamfaninsa ne ya fito da tsarin CAN a 1986, hanyar da ƙwayoyin kwamfutar cikin mota suke magana da juna a kan waya biyu. Da wuya ka samu motar zamani a Kano da ba ta da shi. Makaniken da yake soka na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, yawanci da wannan tsarin yake zance.

Wanda ya tarye ni wani matashi ne ɗan Zariya, ƙanen abokin karatuna. Injiniyan lantarki ya karanta a gida, ya zo digiri na biyu, aiki ya riƙe shi. Na kawo masa kuka da daddawa da yaji. Kilishi dai ba hali, domin Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama a jaka ba. Ɗakinsa a wani ƙaramin gari yake a wajen birni, kuma rabin ɗakin tebur ne: ƙarfen like da dalma, fanel iri-iri, wayoyi ja da baƙi sun cukurkuɗe, da tsohuwar na'urar zana motsin lantarki da ya saya ta hannu. Sai da ya ture su gefe kafin muka samu wurin ajiye dabino da tuwon semo.

Bayan mun yi magariba ya ce, "Yaya, akwai wani abokina da muka yi aji ɗaya. Lissafin lantarki ya gagare shi, ya koma rubuta manhajar intanet. Yanzu yana Abuja, a ɗakinsa. Wani kamfanin Amurka yake yi wa aiki, da dala ake biyan sa, jarinsa laftof ne da inbata. Ni kuwa ranar da ban shiga ɗakin gwaji ba, rabin aikina ya tsaya."

Na ce, "To Injiniya, ai kai ma Yuro kake ɗauka."

Ya yi dariya ya jawo takardar albashinsa, ya rufe adadin da babban yatsa, ya nuna mini jerin abin da ake cirewa: haraji, fansho, inshorar lafiya, ta rashin aiki, ta jinyar tsufa. Ga gwauro irinsa fiye da kashi ɗaya cikin uku ne yake tafiya kafin kuɗin su taɓa asusunsa. Layin da ya tsira daga gare shi kawai shi ne na harajin coci, wanda ake cire wa mabiyan manyan majami'u. Bai yi ƙorafi a kan cire-ciren ba, domin ya ga amfaninsu ranar da ya kwanta asibiti. Abin da yake cin sa daban ne.

Aikinsa na farko a wani kamfani ne da yake ɗaukar injiniyoyi yana bayar da su haya ga manyan masana'antu. Tebur ɗaya da ma'aikatan gidan, aiki ɗaya, amma katin wuyansa launi daban, albashinsa ma daban. Doka ta ce kada hayar mutum a wuri guda ta wuce wata 18, sai in yarjejeniyar ƙwadago ta tsawaita. Kafin wa'adin ya cika ya samu gurbi na dindindin a wani kamfanin da yake ƙera wa masu mota kayan haɗi. Ya ɗauka ya huta. Sai ya tarar da AUTOSAR, tsarin bai-ɗaya da kamfanonin mota suka kafa a 2003 don manhajar wannan ta zauna da ta wancan.

"Wallahi Yaya, rabin yinina ba manhaja nake rubutawa ba. Gurabe nake cikewa a allo, na'ura ta fitar da rubutun da kanta, in kuma ya ƙi aiki in yi kwana uku ina neman gurbin da na manta ban latsa ba. Na ƙware a abin, har tambayata ake yi. Amma wannan ƙwarewar in na fita daga masana'antar mota, wa zai saye ta?"

Shi ya sa tebur ɗin nan ya cinye rabin ɗaki. Da dare yake koyon abin da ofis ba ya koya masa, wato Linux na cikin na'ura da Zephyr da yaren Rust.

A hanyata ta komawa masauki na yi ta juya maganar, kuma ga inda na tsaya. Albashi ba wahalar aiki yake bi ba, hanyar da kamfani yake samun kuɗinsa yake bi. Maƙeri duk fartanyar da zai sayar sai ya sayi ƙarfenta da gawayinta, mawaƙi kuwa sau ɗaya yake shiga situdiyo, waƙar ta yi ta kawo kuɗi yana barci. Kamfanin da hajarsa manhaja ce zalla, sabon mai saye ba ya ƙara masa kashe kuɗin kirki, don haka injiniya ɗaya yana iya jawo masa miliyoyi, kuma ba ya jin ciwon biyan sa. Kamfanin da yake ƙera abin da ake taɓawa da hannu kuwa kowane guda da kuɗin tagullarsa da robarsa da dakonsa. In wata ƙwaya mai rabin ƙwaƙwalwa ta fi araha da santi 10, kuma guda miliyan 5 za a ƙera, Yuro 500,000 ke nan aka tsira da su. Sai a sayi mai arahar, a ce wa injiniya ya san yadda zai cusa manhajar a ciki. Gwanintarsa ita ta samar da wannan rarar, amma a littafin akanta sunansa yana shafin kashe kuɗi ne. Kamfanin Bosch ya yi cinikin kusan Yuro biliyan 90 a 2024, ribar aikinsa kuwa kusan kashi 3.5 cikin 100. Daga cikin wannan siririyar ribar ake so a fitar da albashin da zai yi gogayya da na Kalifoniya.

Da can cinikin a fili yake. Ka haƙura da albashin da bai kai na wasu ba, a ba ka kwanciyar hankali: ka shiga kamfani kana saurayi, ka fita da fansho. Wannan alkawarin ne na tarar yana tsagewa. A Nuwamban 2024 Bosch ya sanar da rage gurabe kusan 5,500, kuma 3,500 daga ciki a sashen da yake rubuta manhajar taimaka wa direba ne. Dubban ma'aikata masu kwantiragin awa 38 ko 40 aka mayar da su 35, albashi ya ragu daidai da haka. A Fabrairun 2025 Continental ya ce zai rage gurabe 3,000 a ɓangaren bincike da ƙirƙira. Volkswagen, da ya kafa kamfanin manhajarsa Cariad da babban buri, ya ƙare da ware har dala biliyan 5.8 don haɗin gwiwa da Rivian na Amurka. Motocin lantarki ba su karɓu da saurin da aka yi hasashe ba, kamfanonin Sin sun ƙwace kasuwarsu ta gida da Jamusawa suka daɗe suna ci, kuma aikin da za a iya turawa Bangalore ko Cluj ko Budapest an daɗe da fara turawa.

Ƙofar da take buɗe wangam ita ce ta masu ƙera makamai. Tun Yunin 2024 Rheinmetall ya yi yarjejeniya da Continental zai ɗauki wasu daga ma'aikatan masana'antar Continental ɗin ta Gifhorn. A ranar 18 ga Maris, 2025, majalisar Bundestag ta amince a sassauta dokar taƙaita cin bashi saboda kuɗin tsaro. Ƙwayar da take sarrafa birki da wadda take sarrafa jirgi marar matuƙi 'yan ɗaki ɗaya ne, wanda ya iya ɗaya ba zai sha wuyar ɗayar ba. Masu farautar ma'aikata sun rubuto wa ɗan Zariyan nan. Ya ce ko bai duba batun tantancewar tsaro da take yi wa baƙo wuya ba, shi da ya taso a Kaduna ya san abin da ya faru a Tudun Biri a Disambar 2023, ba zai iya zama ya rubuta abin da zai saki bam ba. Wani abokin aikinsa da danginsa suke Yukren yana ganin abin ta wata fuskar, kuma ya tafi. Har yanzu suna gaisawa.

Munich ce ta warware mini sauran. A Neubiberg, kudu da birnin, akwai hedkwatar Infineon, wanda aka ɓalle daga Siemens a 1999. A da Infineon yana da sashen da yake ƙera ƙwayar da take haɗa wayar hannu da layin sadarwa. A 2011 Intel ya kammala sayen sashen a kan kusan dala biliyan 1.4. A 2019 Apple ya saye mafi yawansa daga Intel a kan dala biliyan 1, da ma'aikata kusan 2,200, da yawansu a yankin Munich. A 2021 ya sanar da zuba fiye da Yuro biliyan 1 don mayar da birnin cibiyar zana ƙwayoyinsa a Turai, a 2023 ya ƙara wani biliyan. Wata guda kafin zuwana, ƙwayar sadarwarsa ta farko mai suna C1 ta fito a cikin iPhone 16e. Wato mutum yana iya shafe rayuwar aikinsa a gari ɗaya, a kan matsala iri ɗaya, allon bakin ƙofa ya sauya sau uku. Ilimin bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne na ƙarshen ya yi cinikin dala biliyan 391 a shekarar kuɗinsa ta 2024, ya tashi da ribar kusan biliyan 94 bayan haraji, kuma yana haɗa wa injiniyoyinsa albashi da hannun jari.

A wani shagon shayi kusa da babbar tasha na sake haɗuwa da wata injiniya 'yar Indiya da muka fara gaisawa a baje kolin. Ita take shan shayin, ni ina rubutu. A Bangalore ta fara, a reshen wani kamfanin kayan mota, inda take yin aikin da ake turowa daga Jamus a kan ɗan kaɗan daga abin da ake biyan masu turowar. Da ta zo nan ta bar mota gaba ɗaya ta koma tsaron na'urori, wato hana ɓarayin intanet shiga kyamarar gida ko mitar wuta ko injin masana'anta. Ta ce duk inda ta je ganawar neman aiki tambaya ɗaya take fara yi: manhajar nan ita kuke sayarwa, ko kyauta kuke haɗawa da akwatin? Daga amsar take sanin iya inda albashin zai kai, tun kafin a ambaci adadi. Ta kuma ja mini kunne kada in rubuta cewa manyan kamfanonin Amurka aljanna ce. Babu jadawalin ƙungiyar ƙwadago, hannun jarin a hankali ake sakar maka shi cikin shekaru don ya ɗaure ka, taro da Kalifoniya sai dare saboda tazarar awa 9, ga kuɗin haya a Munich da ya fi na kowane babban birni a Jamus. Intel ɗin ma a Agustan 2024 ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 15,000.

Ita caca ta yi a kan doka. A ranar 10 ga Disamba, 2024, dokar Tarayyar Turai a kan tsaron kayan da suke da manhaja ta fara aiki, kuma daga 11 ga Disamba, 2027 duk wanda zai sayar da na'ura mai haɗuwa da intanet a kasuwarsu sai ya nuna ya tsare ta, ya kuma ci gaba da toshe ɓarakarta bayan an saya. Tarar tana iya kaiwa Yuro miliyan 15 ko kashi 2.5 cikin 100 na cinikin shekara. Kamfanin da jiya yake kallon mai tsaron manhaja a matsayin ƙarin nauyi, gobe ba zai iya fitar da kaya ba sai da sa hannunsa. A ganina lissafinta ya fi na kowa kyau a cikin waɗanda na zanta da su, domin ta nemi wurin da rashinta zai tsayar da ciniki.

Ga ɗalibin da yake Kano ko Zariya ko Yamai yana wasa da Arduino a ɗakin kwana, ba zan ɓoye masa ba. Masu ƙera na'ura a wajenmu kaɗan ne: masu haɗa mita, masu sayar da sola da biya kaɗan-kaɗan wadda take kulle kanta in ba a biya ba, da 'yan kamfanonin bin sawun mota. Yawancin manhajar cikin kayan ma daga waje take zuwa a rufe. Kuma wannan ba sana'ar da ake yi wa kamfanin ƙetare daga ɗaki cikin sauƙi ba ce, domin sai an aiko maka da na'urar, ta bi ta hannun kwastam, ka samu wutar da ba za ta ƙona ta ba. Wanda abin da yake nema dala ce da wuri, manhajar intanet ta fi kusa da shi. Wanda kuma hannunsa yake ƙaiƙayi in bai ga abu ya motsa ba, ya riƙe C da kyau, ya haɗa da Linux, ya koyi karanta zanen fanel, kada ya bari kayan aikin masana'anta guda su zama duk abin da ya iya. In fita yake so, a 2025 katin zama na ƙwararru a Jamus, wanda ake kira Blue Card, yana buƙatar albashin Yuro 48,300 a shekara, ko 43,759.80 ga sana'o'in da ake ƙarancin masu su da sababbin masu digiri. Mai aikin kwamfuta da ba shi da digiri ma yana iya samu in yana da gogewar shekara 3 a cikin shekara 7 da suka wuce. Sai dai kasuwar da zai tarar ba ita ce ta 2021 ba, lokacin da ake rububin injiniyoyi. Yanzu zai yi takara ne da waɗanda aka sallama, masu Jamusanci a baki da shekara goma a hannu.

Bayan na dawo gida, a Satumban 2025, Bosch ya sanar da rage wasu gurabe 13,000 nan da 2030, yawancinsu a Jamus. Kamfanin da ɗan Zariyan yake ba Bosch ba ne, amma kasuwarsu ɗaya, kuma su ma an fara kiran mutane ofis ɗaya-ɗaya ana yi musu tayin kuɗin sallama. Ya turo mini saƙon murya bayan isha'i. Ya samu gurbi a wani kamfanin kayan asibiti a yankin Erlangen, masu ƙera na'urar da take auna ruwan magani tana sakar wa marar lafiya a jijiya. Albashin bai kai wanda yake ɗauka ba da ɗan kaɗan, takardun ƙa'ida kuwa an ce sun fi na mota yawa, amma manhajar da hannunsa zai rubuta ta. Na tambaye shi ko ya shawarci Baba. Ya ce ya shawarta, an sa masa albarka. Abin da ya rage masa shi ne wata shida na gwaji, wanda a cikinsu ana iya sallamar mutum da sanarwar mako biyu, alhali takardar zamansa a ƙasar har yanzu da aiki take rataye.